Miyar Kukar da Na Sara a Titiwangsa

Ni mahauci ne ɗan mahauci, wannan ko maƙiyina ba ya musu. Abin da ya ja mini shi ne wani fim ɗin Japan da ɗalibanmu na unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje, suka kunna mana, na yaran da aka raina a bayan duwatsu don kashe sarakuna. Yarinya ƙarama ta zare takobi sau ɗaya, ƙato ya rabe biyu. Na ce musu wannan ba wani abu ba ne, wuyan hannu ne kawai.

Washegarin Sallah muka taru a bakin tafkin Titiwangsa. Matar Dakta Sani ta kaɗa miyar kuka da ragowar daddawar da ta taho da ita daga Kano, miyar da tun azumi ake zancenta. Aka ɗora tukunyar a teburin roba, kusa da kankana.

"Sarkin Fawa, ga wuƙa," in ji Dakta. "A nuna mana wuyan hannun nan."

Na naɗe hannun riga, na ware ƙafa, har ido na rufe yadda yarinyar ta yi. Na kai sara. Kankana ta goce, tebur ya durƙusa, miya ta bi ciyawa. Ita kuwa kankanar ta gangara ruwa, ko ƙwarzane babu.

Matar Dakta ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona. Gayan tuwo muka ci.

Yanzu 'ya'yan mutanenmu da ko Hausa ba sa ji sai sun rusuna mini irin na Japanawa. Matar Dakta kuma in na je gidansu, sai ta ɗauke tukunya kafin ta amsa sallamata.