Daminar da Ladidi Ta Yi a Gidan Tabawa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, dabbobi suka kafa Majalisar Kula da Marayu bayan gobarar da ta cinye yammacin dajin. Bika ne shugaba, Hawainiya ce mai zagayen duba gidaje, kuma kowace Laraba ake zama a gindin kuka. Majalisar tana da doka guda da take ji da ita: maraya ba ya wuce damina ɗaya a gida ɗaya, don kada ya shaƙu da masu riƙonsa har ɗauke shi ya yi wuya.

Cikin marayun akwai wata bushiya mai suna Ladidi. Tana jaririya wutar ta ci uwarta. Yanzu ta fara zama budurwa, ta kuma zauna gidaje biyar. Gidan zomo sun ce ƙayarta na soke musu 'ya'ya. Gidan kurege sun ce tana satar abinci tana ɓoyewa. Sauran ukun ba su yi ƙorafi ba, wa'adi ne kawai ya cika.

Gida na shida na Tabawa ne, wata tsohuwar macen kunkuru da ba ta taɓa haihuwa ba. Ranar da aka kawo Ladidi, ta dunƙule a bakin ƙofa kamar ƙwallon ƙaya, ta yi kwana tara ba ta nuna fuska ba. Tabawa ba ta lallashe ta ba, ba ta tambaye ta komai ba. Ita ganye take ci, amma kullum da safe sai ta ja jiki zuwa suri, ta tono gara, ta ajiye kusa da yarinyar, ta koma gefe ta juya baya. Da ta gano Ladidi na binne rabin garar a bayan ɗaki, sai ta ninka abin da take kawowa.

Maganar farko da Ladidi ta yi mata ita ce, "Yaushe za ki mayar da ni?"

Tabawa ta ce, "'Yar nan, kin ga tafiyata. Kafin in kai ki ko'ina ai kin tsufa."

Ladidi ba ta yi dariya ba. Bayan kwana biyu ta fasa tulun ruwa da gangan, ta tsaya tana jira. Tabawa ta kwashe fasassun, ta ce, "Kin ji ciwo?" Wata rana Ladidi ta zage ta, ta ce mata gafalalliyar tsohuwa mai ɗaki a baya. Tabawa ta ja kanta cikin ƙoƙon bayanta, ta daɗe, don zagin ya shige ta. Da ta fito ta ce, "Na ji zafi. Ga gararki can."

Sai da gero ya fara fitar da kai sannan Tabawa ta dawo daga suri ta tarar da Ladidi kwance rigingine a hantsi, cikinta a buɗe, ba ƙaya ko ɗaya a kansa. Tsohuwar ta tsaya cak, ba ta matsa ba. Daga ranar Ladidi ta soma ce mata Inna.

Da Hawainiya ta zo zagaye, Tabawa ta tambaye ta ko ana ɗaga dokar damina. Hawainiya ta ce, "Ƙwarai kuwa, in riƙo ya yi kyau ana dubawa." A kan wannan maganar Tabawa ta ce wa Ladidi, "Ba inda za ki. Na yi miki alkawari." Ladidi ta dube ta, sannan ta je ta tone garar da ta binne, suka shanya.

Ruwa na ɗaukewa aka kira su gindin kuka. Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ban iya magana ba. Yarinyar nan wata huɗu na yi kafin in ga cikinta. Yanzu tana barci, tana ci ba ta ɓoyewa. Ba na neman komai daga majalisa. A bar mini ita."

Bika ya gyara zama ya ce, "Baiwar Allah, majalisa ta ji daɗin aikinki, kuma Hawainiya ta shaida. To amma ki duba. Da yarinyar ba ta gyaru ba, sai mu ce gidanki bai dace da ita ba, mu ɗauke ta. Tunda kuwa ta gyaru, ba ta da sauran buƙatar gida na musamman, ko'ina aka kai ta za ta zauna. Sannan an ji tana ce miki Inna, wanda shi ne ainihin abin da dokarmu ta zo hanawa. Mun duba kamar yadda aka ce za a duba. Gidan Tunku na jiran ta."

Tabawa ta juya wajen Hawainiya, amma Hawainiya ta riga ta koma launin kukar, ba a ganin ta.

Ladidi ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kin ce ba inda za ni."

Tabawa na kallo aka tafi da ita.

Gidan Tunku yana ƙetaren rafi. Kwana goma sha ɗaya Tabawa ta yi a hanya, da gara a ƙunshe cikin ganye. Matar Tunku ta leƙa ciki ta dawo ta ce, "Ta ce a gaishe ki, Hajiya, ta ce ba ta gane ki ba." Tabawa ta yini a ƙofar, ta ajiye ƙunshin, ta kama hanyar gida. Ta sake zuwa sau biyu. A na uku aka ce mata wa'adi ya cika, an wuce da yarinyar arewa, ba a kuma ba tsofaffin masu riƙo sunan sabon gida.

A taron ƙarshen shekara Bika ya nuna damuwa matuƙa kan yadda marayun zamani ba sa yarda da kowa. Nan take aka kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba, Hawainiya mataimakiya. Har yanzu suna zama, amma an ce sun fi zargin tarbiyyar iyayen yaran.