Yadda Ake Gadon Kalmar Sirrin Mamaci

Abokin sana'arka ya rasu da kalmar sirrin manhajarku a kansa? Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da Ya'akubu na unguwar Fezzan ya bi lokacin da taifot ta ɗauke Dzarma, wanda ya rubuta musu manhajar dillalan Kasuwar Kifi ta Baga Road. Sakamako tabbas ne.

1. Ka fi dangi kuka.
Manhaja ta tsaya, dillalai suna ta kira, abincinka yana cikin laftof a ɗakin matar mamaci. Kar ka nuna. Ya'akubu ya ratsa shingayen bincike har unguwar Gwange, riga a ɗage don a ga ba bam a jikinsa, ya zauna gaban Rakiya, matar marigayin, yana sharɓar kuka.

2. Kar ka tambaya.
Tambaya kai tsaye aikin marasa dabara ne. Kewaya.
"Ya Rakiya, da marigayi zai cika, bai faɗi wata kalma ba?"
"Ya yi shahada."
"Bayan ita fa? Wata mai haɗe da lambobi?"
Ta dube shi, ta gyara mayafi.

3. Ari laftof, ka yi ta canka.
Ce hotunansa za ka cire. Ya'akubu ya gwada sunan Hajja mahaifiyar marigayi, ya gwada "bandar tarwaɗa". Laftof ya ce zai tura lamba zuwa wayar mamaci. A shekarar an yanke sabis ɗin waya a garin kaf.

4. Nemi aure.
Mai ilimi ya san sirrin miji yana wajen mata. Jira ta fita takaba, ka je da turare. Ya'akubu ya je, ya yi ta zuba har ya iso kan zancen laftof.
"Malam Ya'akubu, kalmar sirrin kake nema?" in ji Rakiya. "Ai ya bar mini wasiyya: wanda ya fara tambaya cikin abokan aikinsa, in ba shi."
"To, na tambaya."
"Peter ya riga ka, tun ranar sadakar uku. Kana waje kana kuka."

5. Koyi gaisuwa.
Peter shi ne ɗayan abokin sana'ar, wanda Ya'akubu yake kira mara wayo. Yanzu kullum da safe Ya'akubu ne ke share masa tebur yana cewa, "Oga, an tashi lafiya?"

Gargaɗi: na ce sakamako tabbas ne, ban ce naka ba. Wanda ya yi asarar turarensa, kar ya neme ni. Ni ma ba sabis a wayata.