Yadda Za Ka Rufe Idon Sufeto da Bencin Aro

Kai hedimasta, na ji sufeton makarantu zai zo daga Gaya ranar Talata. Tun da aka tsuke bakin aljihu makarantarka ba benci, ba alli, rufin aji uku kuma iskar bazara ta yi gaba da shi. Kana tsoron a ce ka kasa, a sauke ka. Kwantar da hankalinka. Ni Malam Gwadabe, shekara tara ina hedimasta a bayan Gafasa, na lamunce maka dabarar nan.

1. Ari benci

Tafi wurin Hansai mai tuwo a bakin kasuwa. Za ta ce, "Malam, masu cin tuwona fa, a kan me za su zauna?" Ce mata, "Iya, a ƙasa, kamar 'ya'yanki biyu da ke ajina." Za ta yi maka tatas, amma za ta bayar. Kankare busasshiyar miyar kukar da ke jiki.

2. Nemi alli

Busasshen rogo yana rubutu sarai. Sai dai kada ka ajiye shi a taga, don akuya da 'yan aji ɗaya duk suna sonsa.

3. Ajin da ba rufi

Kwashe yaran zuwa gindin tsamiya, ka ce darasin sanin itatuwa ake yi. Mu shekara biyu muna kan tsamiya ɗaya, ba mu gama ta ba.

4. Ɗaga hannu

In sufeto ya yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu, kai kuma ka zaɓi mai amsa. Ni na ce wa nawa wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ranar duk suka ɗaga dama. Na nuna Kubura 'yar Bubayero makiyayi, ta miƙe tana kallon ƙafarta, har Allah ya taimake ni aka kira azahar. Da na tsare ta daga baya sai ta ce, "Malam, Baffa ya ce ba a ɗaga wa babba hagu." Saboda haka kai ka ce kowa ya ɗaga dama, wanda ya sani ya dunƙule hannu kawai.

5. Karɓi yabo

Sufeto ya rubuta cewa makarantata ba ta rasa komai ba. Bayan wata biyu akori-kura ta zo shaƙe da sababbin bencuna, ta wuce ta ƙofarmu zuwa makarantar Malam Bala, sakaran da bai ɓoye komai ba, har ya bar sufeto ya zauna a kan turmi. Yarana suka bi motar da gudu suna tafi, sun zaci namu ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Gargaɗi

Alkawarin da na yi maka na kujerarka ne, kuma za ta tsira. Abin da yaran za su zauna a kai kuwa ba ruwana, kada ka aiko mini. Hansai ta yi mini wannan tambayar tun bara, har yau ta bayan kasuwa nake bi.