Yadda Ake Koya wa Kwikwiyo Wurin Fitsari Ba Tare da An Gane Naka Ne Ba

Ɗan'uwa, idan kwikwiyo ya shigo gidanka yana jiƙa duk kusurwar da ya ga dama, kai kuma mutum ne mai rawani da ake ganin girmansa a kasuwa, ka kwantar da hankalinka. Hanyar da zan nuna maka ba ta taɓa faɗuwa ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a gidan Alhaji Amadu, mutumin Damagaram mai sayar da shadda a Kasuwar Assihar ta garin Tamanrasset, kuma ta yi aiki har fiye da yadda ake so. Ni ban taɓa kiwon kare ba, shi ya sa shawarata ba ta da son zuciya. Ka bi matakan nan dalla-dalla, na yi maka alkawari kwikwiyonka zai san inda ake tsugunawa.

Mataki na 1: Kada ka nemi kare, ka bari a ajiye maka shi

Mai mutunci ba ya zuwa neman kare. Jira yake a ɗora masa.

Alhaji Amadu ya yi shekaru yana faɗa a majalisar shayi cewa ko a mafarki kare ba zai tsallaka ƙofar gidansa ba. Ana nan sai ga tsohon abokinsa Aghali, makiyayi daga ƙauyen Idlès, ya iso da cuku da dabino, ga kuma wani ɗan kwikwiyo mai launin ƙasa a hammata, ƙafafu dogaye, kunnuwa a langaɓe. Aghali ya koyi Hausa a Agadas zamanin yana fatauci, kuma ba ya ɓata ta wajen dogon bayani.

Ya ce, "Abokina, uwar wannan ta mutu. Ni kudu zan tahi duba raƙuma, hanya ba ta yaro ba ce. Riƙe mini shi. In na komo, in ya dame ka, in tahi da abina."

Mutumin da ka sha nonon taguwarsa ba ka ce masa a'a. Alhaji ya ɓata fuska yadda ya kamata, ya karɓa da yatsu biyu. Kai ma haka za ka yi. Daga ranar, duk wanda ya tambaye ka, amsarka ɗaya ce: amana ce aka ba ka.

Mataki na 2: Ka bar uwargida ta kafa sharaɗi, kai kuma ka nuna ko a jikinka

Kwikwiyo ba ya ɓata lokaci. Wannan ya fara da bakin ƙofa, ya wuce gindin randa, ya sauke sauran cikin takalmin Juma'a na maigida. Da ya kai ga gefen tabarmar Hajiya Laure, matar Alhaji, sai magana ta tashi.

Ta ce, "Alhaji, ka ji ni da kyau. Gidan nan salla ake yi cikinshi. In abin ga bai koyi hita waje ba kahin Aghali ya komo, ranar da ya zo ranar zai tahi da shi."

Alhaji ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yo ni mine ne nawa a ciki? Amana ce."

Madalla da wannan amsa, ka haddace ta. Amma gaskiya ba haka abin yake a ransa ba. Ɗansa yana karatu can arewa bakin teku, 'yarsa ta yi aure a Agadas, gidansu na unguwar Tahaggart ya yi shiru har ana jin tafasar shayi daga zaure. Yanzu kuwa da ya turo ƙofa da yamma, sai wani ɗan abu ya sheƙo da gudu, ya zame a kan siminti, ya tashi ya ci gaba da murna kamar an yi shekara ba a haɗu ba. Alhaji yana son kwikwiyon nan, yana kuma jin kunyar son da yake masa. Bai son a tafi da shi.

Mataki na 3: Ka zaɓa masa wuri, ka kai shi a ɓoye

Kare yana son wuri ɗaya da zai gane. Ka nemi yashi. Alhaji ya yi sa'a maƙwabcinsa yana gini, an jibge tulin yashi a bayan katanga.

Da safe, da bayan ya ci abinci, da duk lokacin da ka ga ya fara shinshina ƙasa yana zagaye, ka ɗauke shi ka nufi yashi. Kada ka rungume shi a titi. Ka sa shi cikin kwalin ganyen shayi, ka riƙe kwalin nesa da jikinka, ka yi tafiyar mai zubar da shara.

Wata safiya Alhaji ya yi kiciɓis da Malam Musbahu, Bamaraɗe mai rumfa kusa da tasa, mutumin da in ya ji labari da hantsi kafin azahar ya kai shi ƙarshen kasuwa.

"Ina zuwa da sassahe haka, Alhaji?"

"Shara zan zubar."

Kwalin ya motsa, ya yi ɗan ƙara. Musbahu ya dubi kwali, ya dubi Alhaji.

"Shararka tana kuka."

"Sharar zamani ce," in ji Alhaji, ya ƙara sauri.

Ka lura bai tsaya bayani ba. Ƙarya gajera ta fi daɗewa a tsaye.

Mataki na 4: Ka biya shi nan take

Kada ka doke shi, duka ba ya koya wa kare komai sai ɓuya. Abin da ke aiki shi ne lada. Ka yanka kilishi ƙanana ka zuba a aljihun dama. Da ya tsuguna a kan yashi ya gama, ka miƙa masa guda, ka ce "madalla" a hankali, yadda katanga ba za ta ji ba.

Jiran ne wahala. Kwikwiyo zai shinshina nan, ya shinshina can, ya bi ƙuda, ya zauna yana kallonka kamar kai aka kawo ka yi. Kada ka tsaya hannu sake kamar mai gadin yashi. Ka kara waya a kunne kana cewa "na'am, na'am, kamyon kayan ya iso?" har ya gama.

Kilishin kuwa na Hajiya ne, wanda ƙanwarta ta aiko daga gida. Da ta ga ya ja baya, Alhaji ya ce ɓeraye ne. Ta ce lallai ɓerayen Tamanrasset sun waye, tunda sun iya buɗe kwano su mayar da murfi.

Mataki na 5: Idan ya kuskure a cikin gida, ka rufa masa asiri

Zai kuskure, yaro ne. Ka riƙa yawo da buta. Da ka ga danshi, ka kwarara ruwa a kai, ka tsaya kana yarfe hannu kamar wanda ya idar da alwala.

Dabarar tana da iyaka. Ran nan Hajiya ta same shi durƙushe a ƙuryar ɗaki da buta.

"Alhaji, ibadarka ta ƙaru kwanakin ga. Har ƙarƙashin gado ake alwala yanzu?"

Ya ce gwiwa ke damunsa, wurin ya fi sanyi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta fita tana gyara ɗankwali.

Mataki na 6: Ka yi murna a ciki

Idan ka dage, wata rana za ka ga abin mamaki. Kwikwiyon Alhaji ya fara zuwa bakin ƙofa da kansa yana karta, yana waiwaye. Simintin gida ya bushe, takalma suka samu lafiya. Yaro ya gane karatu sarai: inda yashi yake, nan ake yi, daga nan a je aljihun dama. Alhaji ya ji daɗin da bai ji ba ko ranar da ya buɗe rumfarsa ta biyu, amma da Hajiya ta ce gida ya daina wari, cewa ya yi shi bai ma lura ba.

Za ka ji masu tsoro suna cewa akwai haɗari a koya wa kare son yashi a garin da yashi ya kewaye ta ko'ina. Kada ka saurare su. Irinsu ne ke hana mutum ci gaba.

Mataki na 7: Ka karɓi baƙonka da karamci

Aghali ya bugo waya yana hanya. Mutumin daji in ya sauka gidanka, ba kujera yake so ba. Ana ɗebo yashi mai laushi daga busasshen rafi a shimfiɗa a tsakar gida, a zauna a kai, a dafa shayi, a gasa tagella, gurasar nan da ake binnewa cikin yashi mai zafi. Hajiya Laure ta sa aka kawo buhu-buhu, ta zauna da rariya ta tankaɗe shi da hannunta har ya zama kamar gari. Alhaji ya dawo daga kasuwa ya gani, ya yaba. Hankalinsa yana kan hukuncin da za a yanke yau, bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗaure kwikwiyo a bayan madafi, ya gayyato Musbahu da wasu abokan kasuwa.

Bayan la'asar aka zauna. Aghali ya kwaɓa fulawa a akushi, ya share wuri a tsakiyar yashi, ya yi ɗan rami mai kyau inda zai hura wuta. Ana cikin zuba shayin farko sai ga kwikwiyo yana jan guntuwar igiya da ya cinye.

Ya tsaya cak. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin yashi irin wannan ba, fari tas, babu tsakuwa, ga shi har an haƙa masa rami. Ya shinshina, ya zagaya, ya gyara tsayuwa. A gaban manyan 'yan kasuwar Assihar ya yi ƙaramar, ya ɗora da babbar. Da ya gama ya juya baya ya watsa yashi da ƙafafu, rabi cikin akushin fulawa, rabi a kan farar shaddar Musbahu.

Daga nan ya wuce Aghali da ya kawo shi, ya wuce kowa, ya je gaban Alhaji Amadu ya zauna. Ya ɗora hanci a kan aljihun dama yana kaɗa wutsiya.

Mataki na 8: Ka musanta

Nan ne ake gane namiji. Ka ɗaga kai ka dubi sama. Ka ce ba ka san abin da yake nufi ba. Ka ce "kai, tafi can" da murya mai ƙarfi. Duk wahalar da ka sha a matakai bakwai, don wannan lokacin ka sha ta.

Aghali ya ja rawani ya rufe baki don kunya. Ya ce, "Abokina, ka gafarce ni. Na kawo maka ƙazanta cikin gida. Yau ɗin nan zan tahi da shi."

Musbahu yana kakkaɓe riga ya ce, "Ni dai tambaya gare ni. Mi yake nema a aljihunka, Alhaji?"

Alhaji ya buɗe baki zai yi abin da na koya maka. Sai ya dubi ƙasa. Kwikwiyo yana nan zaune, ido a kansa, bai da shakkar cewa ya yi daidai. Da ya ga shiru ya yi yawa, wutsiyar ta rage sauri, ta rage, ta kwanta a yashi. Tausayi ya kama Alhaji.

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro kilishi, ya miƙa masa a gaban kowa.

Ya ce, "Madalla." Sannan ya ɗago. "Bai yi laihi ba. Ni na koya mishi yashi, yashi kuma ya samu. Aghali, ka bar mini shi. Karena ne."

Duk suka juya wajen ƙofar madafi, don kowa ya san inda hukuncin gidan yake fitowa. Labule ya motsa, Hajiya Laure ta fito lulluɓe da mayafi, da shebur a hannu. Ta dubi mijinta.

Ta ce, "Tun da yaran ga suka tahi ban ji ka yi ma wani abu magana da wagga murya ba. Karen ya zamna." Ta miƙa masa shebur. "Amma yashin ga ni na tankaɗe shi. Mai kare ne zai kwashe."

Alhaji Amadu ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya. Ya kama kwasar yashi a gaban abokan kasuwarsa, yana yi yana dariya, idonsa ya ciko. Aghali ya tashi ya riƙe masa bakin buhu. Ranar shinkafa aka ci.

Sanarwa

Ni dai na sauke nauyi. Alkawarin da na yi shi ne kwikwiyo zai san inda ake tsugunawa, kuma ya sani, akwai shaidu. Tagellar da ba a ci ba, da wankin shaddar Musbahu, da sunan "Alhaji Mai Kare" da ya bi mutumin nan daga bakin Assihar har ƙarshenta, duk babu hannuna a ciki. Mataki na takwas a fili na rubuta shi, shi ne ya ƙi bi.

In kai ma ka kai wurin, wani ɗan abu ya zauna a gabanka ya zuba maka ido, ka kasa, kada ka zo rumfata da ƙorafi. Ka je ka tambayi Alhaji Amadu ko ya yi nadama. Ba shi da wuyar samu. Da yamma za ka gan shi tsakiyar titin Tahaggart, rawani a kai, kare a gefe, yana tsayawa yana gaisawa da kowa.