Kunnen Zinariya da Firijin Dabino

Kai, Allah Ya yi wa Al-Khalidiyya baiwa! Wasu unguwannin Madina suna tinƙaho da likitoci, wasu da malamai, mu kuwa Injiniya Sharfuddeen muka samu, wanda ya raɗa wa kansa suna Kunnen Zinariya ba tare da ya wahalar da kowa wajen neman shawara ba.

A cewarsa, a zamanin samartakarsa babu faifan kiɗan sol ko na fonk da ya fita tsakanin Kano da Khartum bai bi ta hannunsa ba. Kuma gaskiya ne, sun bi, domin shi ne mai goge su da tsumma a shagon ubangidansa. Da ya zo Madina ya yi shekaru yana lodin jakunkuna a filin jirgi. Ranar da ya yi ritaya sai ya taho da abin toshe kunnen nan na masu aiki a ƙarƙashin jirgi, shi ne yanzu hedifon ɗinsa. Babu waya a jiki, amma wa ya isa ya faɗa? Ka yi ta rafka masa sallama ba zai ji ba, amma in sauro ya gifta a gidan maƙwabta zai gaya maka cewa muryarsa ta kauce daga kan kiɗa.

Situdiyonsa, mai suna a duniya in ji shi, wani lungu ne a sitor ɗin Zubair, ɗan yayarsa Ƙaltume. Ya lulluɓe bangon da kwalayen ƙwai, ya kafa makirfo a kan sandar mofa, ya rubuta a ƙofa cewa ba a shiga da tari.

Shi Zubair haifaffen Madina ne, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. A bana ya ajiye aikin albashi, ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayo rutab daga gonakin Badar, wato ɗanyen dabinon nan mai laushi da ba ya kwana sai cikin sanyi. Ya cika babban firijin sitor ɗin maƙil. Alhazan Najeriya da Nijar sun gama Hajji suna ta kwarara Madina, kuma ba daɗewa za su yi ba. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: gajeren saƙon murya da Hausa, a tura wa jagororin alhazai a waya, mahaifiyarsa ta karanta tunda Hausarta ta Kano ce tsantsa.

Injiniya ya gyara baƙin tabarau, ya yi murmushin tausayi.

"Ya walad, kai yaro, saƙon murya? A gabana? Wannan furodokshan ne. A fonk, bes ne uba, ganga ce uwa, murya kuwa 'yar riƙo ce. Ka bar wa masu abin abinsu."

Aka zaunar da Hajiya Ƙaltume gaban sandar mofa. Ta buɗe baki ke nan, "Alhazai, ga dabinon Badar," ya ɗaga hannu. Awarwaronta na ƙara, ta cire. Numfashinta ya yi yawa, ta rage. Sai ya kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wai iskarsa na shiga makirfo. Wannan fa a tsakiyar zafin Madina, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta.

"Sharfu, narkewa nake yi," in ji ta.

"Madalla, Yaya! Gumi ai shi ne sol. Duk manyan mawaƙan da na yi wa aiki, sai an matse rigunansu kafin su tafi gida."

Can sai ya daskare, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa sama. Wani gurnani yake ji. Ya bi shi a saɗaɗe har gaban firijin.

"La, la, Khali!" Zubair ya sha gaban kawun nasa. "Tallaja ce, firijin ne. Wallahi kar ka taɓa ta."

Injiniya ya yi alkawari har da dafa ƙirji. Zubair ya ba shi makulli, ya kama hanyar Badar, inda zai yi 'yan kwanaki wajen ɗaukar sauran kaya. Motar na shan kwana, Hajiya na can tana alwala, babban masanin sauti ya sa yatsa ya latse makunnin firijin. Wai minti biyu kawai. Ya lumshe ido, shirun ya ratsa shi har ƙwalla ta taru masa.

Hajiya ta karanta tallarta har muryarta ta dishe, ta kwashi awarwaronta ta tafi tana rantsuwar ba ita ba makirfo har abada. Daga nan aikin gaske ya fara. Tunda babu makaɗa, Injiniya da kansa ya zama bes, yana "dum-ba-dum-dum" da kumatu. Ya zama kakaki ta hanci. Ganga kuwa bokitin fenti ne. Kowace ɗauka na bukatar shiru, saboda haka minti biyun nan ya yi ta haihuwa. Da wani tsami-tsami ya fara tashi a sitor ɗin, sai ya shaƙa da marmari, ya ce yanzu ne wurin ya fara ƙamshin situdiyo na ainihi.

Ranar da Zubair ya dawo, warin ne ya fara yi masa sannu da zuwa tun daga bakin titi. Ya buɗe firijin. Kwalaye sun jiƙe sun rufta, dabino ya yi kumfa yana tsiyaya, ƙudaje sun yi cincirindo kamar an raba musu katin gayyata. Ya zauna daɓas a ƙasa. Abin tausayi, wallahi, yaro ya zuba komai nasa a nan.

"Kawu," ya ce, "ka kashe ni."

"Ma'alesh, ba komai, ya walad, dabino kowace shekara ana yi. Amma irin wannan aikin? Saurara ka ji. Na ma riga na tura wa jagororin alhazai kaf tun da safe."

Zubair ya dafe kai. Kayan sun tafi, yanzu kuma sunan zai bi su: motoci cike da alhazai za su sauka a ƙofar nan su shaƙi wannan masifa, su kai labari har Zinder. Hajiya Ƙaltume, wadda ta shigo toshe da hanci da gefen mayafi, ta ce a kunna.

Aka kunna. Kumatu suka yi dum-ba-dum, hanci ya yi kuka, bokiti ya amsa. Can ƙarƙashi, wata murya kamar daga cikin rijiya tana cewa "no-no-no, dar-dar-dar," tana maimaita kanta har ta ɓace. Injiniya ya rufe ido yana kaɗa kafaɗa, yana jiran tafi.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa kan ɗanta.

"Tashi, Zubair, ka gode wa Allah. Babu alhajin da zai zo. Ni da na yi maganar ma ban gane me ake sayarwa ba."