Maɗaurin Hannun Mijin Ya Kellu

"...Lafiya lau, gajiya ta bi jiki. Ina maigidan nawa? Ko har yanzu yana ɗaki yana harbin mutanen da ba su yi masa komai ba?"

Haka mahaifiyata, Ya Kellu, ta shigo gidanmu na unguwar Zango, a Damagaram, da hantsin wata Asabar, tana amsa gaisuwata tana neman jikanta. Ranar ce ta ƙarshe da gidan ya wuni yadda ya saba.

Yaron ɗana ne na fari. A danginmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayarsa ya ci ko bai ci ba, ba ta kama hannunsa ta duba. Na yi jami'a a Yamai, ina koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, amma wannan ban bar shi ba. A unguwar Birni ya tashi, a hannun Ya Kellu, ya dawo wurina yana ce mini Yaya. Ita kuwa mijinta ne, yadda kowace kaka take da miji a cikin jikokinta.

Shekarar ce zai yi jarrabawar bak, ta gama sakandare. Wasan ordinatar, wato kwamfuta, ya ci masa wuyan hannun dama. Da farko tsami ne, daga baya yatsu suka riƙa sagewa, biro yana suɓuce masa. Babansa ya kai shi wurin likita kafin ya koma aikinsa a Gidimuni. Likita ya ce ya rage wasa, ya riƙa hutawa, ya kuma kwana da maɗauri mai ƙarfe wanda zai hana hannun lanƙwashewa. In ba haka ba, hannun ba zai jure rubutun jarrabawa ba. Yaron ya ce to, bai nemi maɗaurin ba. Ya ce wa ƙanwarsa Aliya abin tsofaffi ne.

Ranar Juma'a, yana wanka, na ɗauki agogonsa na auna faɗinsa da zare, a hudar da ta fi sakewa. Mai farmasi ta yarda in tafi da iri uku a gwada, a maido wanda bai yi ba. Na biya ta Birni na bar wa Ya Kellu ledar, na maimaita mata abin da aka gaya mini.

Da ta shigo, na zauna a rumfa ina gyaran takardun ɗalibai, na ba su baya.

Ya fito yana miƙa. "Muryar wa nake ji? Tsohuwar nan har yanzu ana fama?"

"Ana fama, Kassim. Ba inda za ni sai na ga ranar da ka sauke buhun gero a ƙofar ɗakina. Dubi miji don Allah, ƙafa kamar ta zalɓe."

"Ke kika zaɓa. Samarin Damagaram duk sun gudu, ni kaɗai na tsaya don tausayi."

"Sun gudu? A zamanina daga Garagumsa ake tahowa a kan raƙumi don a ga wushiryata."

"Yanzu ai sai su zo da mota. Bakin gaba ɗaya wushirya ne."

"Allah ya shirye ka. Zauna. Lefe na kawo maka, tunda kai ka kasa kawo nawa."

Na ji ƙarar leda.

"Wannan kayan jaki ne ko na mutum?"

"Na jaki ne. Shi ya sa ban kai ko'ina ba sai nan. Miƙo."

Na farko baƙi ne, na roba, ana zura hannu a ciki.

"Ai wannan ya yi," in ji shi. "Kamar na ƴan ƙwallo. Shi ke nan, an gama, Allah ya saka. Gaida mutanen Birni."

"Korata kake yi? Lanƙwasa hannun in gani."

"Ga shi."

"Me ya hana shi lanƙwashewa?"

"Ba komai."

"To safa ce aka yanke wa kai. Wannan na rana ne, in ka zauna gaban akwatin naka, don ya riƙa tuna maka kana da hannu. Ba shi ne maganin ba. Babban yatsanka yana ciwo?"

"A'a."

"To kar ka taɓa na biyun, ba naka ba ne. Na masu lallatsa waya ne, irin ƙanwarka. Ga naka."

Na ukun ruwan ƙasa ne, mai kauri, da ƙarfe a ɓangaren tafin hannu da igiyoyi masu mannewa.

"Wallahi ba zan sa ba. Kalar tukunya. Abokina Mahamud ya gan ni da wannan, kafin la'asar duk ƴan ɗakin wasan ordinatar sun ji."

"Da shi za ka kwana. Mahamud ɗin a gadonka yake kwana? In haka ne a faɗa mini yanzu in karɓi takardata."

"Ki karɓa. Wa zai kwashe ki?"

"Akwai wani mai sayar da dabino a kasuwar Dole, kullum sai ya ƙara mini."

"Makaho ne?"

"Hannuwansa biyu suna aiki."

"Nawa ma suna aiki. Ya warke tun tuni, likitan ne mai son magana."

"Madalla. To goga mini goron nan, bakina ya yi ɗaci."

Tun da haƙoranta suka zube, da magogi take cin goro, yana ɗaure a bakin zanenta. Na ji ya fara gogawa da sauri, don ya nuna mata. Sai saurin ya ragu. Sai na ji magogin ya faɗi a siminti.

Ban juya ba. Takardar da ke gabana na karanta ta har ƙarshe ban san ta wane ɗalibi ba ce.

"Goron ne mai tauri," in ji shi.

"Ƙwarai. Goron bana duk haka yake."

Aka kira azahar, ya fita masallaci bai ce ya yarda ba. Ya Kellu ta matso rumfa, Aliya ta kawo mana shinkafa da wake.

"Kin ga yatsun?" ta tambaye ni a hankali.

"Ban duba ba."

"Na duba miki. Rawa suke yi." Ta tura loma. "Bar ni da shi."

Da ya dawo ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ta ɗaura maɗaurin a hannunta, ta yafa gyale kamar mai shirin fita.

"Ina zuwa kuma, amarya?"

"Ɗakin wasan naku. An ce gobe kuna da gasa. Za ni in kama wuri tun yau, a gaba, kusa da kai. Duk wanda ya tambaya in ce ni ce uwargida, wannan kuma na maigida ne, kunya ta hana shi sawa, nake sa masa."

"Ba za su bar ki ki shiga ba."

"Wa zai hana ni? Uban mai wurin ni na yi masa wankan jego... na uwarsa, kai, duk ɗaya ne. Zan tafi da tabarmata da butata. In ka ci in yi guɗa. In aka cinye ka in yi kuka in faɗi sunanka."

"Ya Kellu, ki ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Kai ne ba na ji."

"Kuma ma a hagu kika sa. Na dama ne. Ga shi kin juya shi, ƙarfen a tafin hannu yake zama, ba a baya ba. Kawo nan, kina ba ni kunya."

Na ji ƙarar igiyoyin yana ɓalle su. Sai na ji yana jujjuya kwalin.

"Tsohuwa."

"Na'am, rabin raina."

"Wa ya karanta miki kwalin nan?"

"Ni na karanta."

"Ke da kike riƙe katin asibiti a juye? An rubuta na dama. An rubuta matsakaici. Akwai ƙarami, akwai babba. Wa ya auna hannuna?"

"Sai an auna? Ni na yi maka wanka kana kamar ɗan tsako. Ba gaɓar da ban san girmanta ba."

"Jiya an taɓa agogona. Na bar shi a kan taga, na tarar da shi a kan tebur."

Alƙalamina ya tsaya.

"Aljanu ne," in ji Ya Kellu. "Tun ranar da ubanka ya kama gidan nan na ce akwai aljanu."

"To aljanin nan ya iya lissafi."

"Akwai masu ilimi a cikinsu."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi ta hanci. Na ji ya ja kujera ya zauna.

"Ɗaura. Amma ki sani don kar ki je ɗakin wasa ne."

"Ni ma don kar a ce mijina da hagu yake cin tuwo ne. Miƙe hannun. Miƙe sosai, ba roƙo na ce ka yi ba."

"Wayyo! Za ki tsinke shi. Akuya kike ɗaurewa?"

"Akuya ta fi ka tsayawa wuri ɗaya. Tsaya in gwada. An ce sai yatsa ɗaya ya shiga tsakaninsa da fata. In bai shiga ba ya matse, in biyu suka shiga ya yi sako-sako. In ka farka ka ji yatsun sun yi sanyi, ka sassauta."

"Wa ya ce?"

"Aljanin."

"Sai me kuma ya ce?"

"Ya ce in ka yi wasa kaɗan ka tashi ka yarfe hannun, ka zagaya gida. Ya ce kar ka sa mai ƙarfen kana wasa. Ya ce tebur ɗin naka ya yi tsawo, ka sa matashi a kujera."

"Har ɗakina ya shiga ke nan."

"Ba ruwansu da ƙofa."

"Shi ke nan, kin ci. Ki gaya masa an ji. Ki ce an gode."

"Ni ƴar aikenka ce? Ina ladana?"

Ya ɗauki magogin ya goge mata goron da hannun hagu. Ya daɗe yana yi. Ta ce ya yi gari-gari kamar na kaji, ta cinye duka.

Bayan la'asar ya fito da moto, babur ɗinsa, zai kai ta Birni. Ya tsaya a bakin rumfa.

"Yaya, zan kai tsohuwa gida."

"To," na ce.

Ya dawo kafin magariba. Ya sa baƙin maɗaurin ya yi wasa, na ga ya tashi ya zagaya tsakar gida yana yarfa hannu, ya koma. Ya ɗauki matashi daga falo bai tambaya ba.

Da safe na wuce ta ƙofar ɗakinsa. Yana barci, hannun yana kan bargo, a miƙe, cikin maɗauri mai ruwan ƙasa. Ya tashi da ciwon kai, bai je gasar ba. Da yamma wuyansa ya ƙi juyawa. A asibiti suka ce sanƙarau ne. Bai kai Juma'a ba.

Bayan sadakar arba'in aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka fito da kayansa. Malam Zakariya'u, yayan babansa, shi ya zauna a kansu. Ba su da yawa. Babansa ya ce a ba Aliya ordinatar don karatu. Tufafi aka ɗaure za a kai wa dangi a Garagumsa. Littattafan bak da baƙin maɗaurin aka ba Mahamud. Na babban yatsan na riga na maida farmasi. Agogo babansa ya sa a aljihu. Aka tambaye ni ko akwai abin da nake so, na ce babu. Haka ake sa ran in ce, gaban surukai, a kan ɗan fari.

Ya rage maɗauri mai ƙarfe a gefen tabarma. Igiyoyinsa suna manne yadda ya zare hannunsa ya bar su.

"Ni fa?" in ji Ya Kellu. Tun rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba sai ranar.

Malam Zakariya'u ya gyara zama. "Ya Kellu, kin sani, kaka ba ta da rabo in uwa tana raye."

"Wa ya ce maka kaka? Matarsa ce ni. Duk Birni an sani. Miƙo mini wancan."

Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya hana. Aka miƙa mata. Ta jujjuya shi.

"Ku dubi abin da ya bar mini. Ba gona, ba raƙumi. Miji ke nan."

Ba ta ɓalle igiyoyin ba. Ta zura hannunta, ya shige har gwiwar hannu, ta zaro.

"Ya yi mini yawa. Ko a nan ma bai kyauta mini ba."

Ta jefo shi a cinyata ba ta dube ni ba.

"Ke, ajiye mini wannan a ɗakinki. Nawa ɓeraye sun yi yawa. In na tashi nema zan aiko."

Na ce to. Har yau ba ta aiko ba.