Koci Namori da Tarkon Benci

"Dokar ƙwallon kwando? Ai da nonon uwa na sha ta! Waɗanda suka rubuta ta a Amurka ma, in kansu ya ɗaure ni suke bugo wa waya."

Namori Kulibali ke nan, a majalisar shayin gindin mangwaro a unguwarmu ta Banankabugu, nan Bamako. Ɗan'uwa, in ba ka san Namori ba an bar ka a baya wajen dariya. Gajere ne mai tumbi kamar randa, ko kan kujera ya hau ya miƙa hannu ba zai taɓo ragar kwando ba. Amma ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro wasan. Cewa yake ya zauna a Amurka, har wata babbar ƙungiya ta roƙe shi da hawaye ya tsaya ya horar da ita, shi kuma ya ƙi don abincinsu ba yaji. Hoto dai ba wanda ya taɓa gani. A gabansa samari na kiransa Koci Amurka, in ya juya baya kuma Koci Tumbi.

Muƙaminsa a ƙungiyar unguwa, Damisoshin Banankabugu, mataimakin koci ne, wato ɗaukar buhun ƙwallaye da ihun da ba wanda ya sa shi. Sai rabo ya rantse: wasan ƙarshe na kofin unguwanni ya matso, kocin gaske ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Sidiki Dumbiya mai shagon shadda galila, ya kira Namori ya dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Namori, da babu gara ba daɗi. In ka ciyo mana kofin nan, kujerar koci ta zama taka, don mai ita ya ce ya gaji. In kuwa ka kunyata unguwa..."

"Alhaji, kar ka ƙarasa. Kai dai nemo tsumman goge kofi."

Kujerar nan kuwa ita ce burin Namori tun yana da gashi a ka. Matsalar ɗaya ce. Waɗanda za a kara da su, Dorinan Jikoroni, zaratan samari ne, kuma a tsakiyarsu akwai wani Mambi Keita wanda sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Namori ya san da ƙarfi ba za a kwashe da daɗi ba, sai ya koma ga dabara.

"Akwai wata doka," in ji shi a majalisa, yana kurɓar shayin da ba shi ya kawo sukari ba. "In faɗa ya kaure a fili, duk ɗan wasan da ke zaune a benci, ya kuskura ya tashi ya shigo, ko rabon faɗa ya zo, korarre ne. Koci da mataimakinsa kaɗai aka yarda su shiga, su ma don su taya alƙali kashe wutar. Yaran Jikoroni kuwa zuciya gare su kamar fetur. Mu tsokani ɗaya, bencinsu ya zubo fili, a share su kaf. Biyar ɗin da suka rage su gudu har harshensu ya fito, ba mai canjinsu. Mu kuma sai shan zoɓo!"

Wani tsoho ya ce, "Namori, wannan sirri ne ko wa'azi? Har masu wanki a bakin famfo sun ji ka."

"Sirri ne mana, Baba! Shi ya sa ku kaɗai na gaya wa."

Su kaɗai ɗin, sai kuma wanzaminsa, da bakaniken da ke gyara masa babur, da matar da ke sayar da lemun citta a bakin titi. Kowa ya ce masa ya riƙe a cikinsa.

Aka shiga horo, in horo za a kira shi. Namori ya jera 'yan canji a benci, ya sa biyu su yi faɗan ƙarya a gabansu, duk wanda ya motsa ɗuwawu sai tsallen kwaɗo. Safe da yamma ba ka jin komai sai "Zama! Na ce zama!" Kyaftin ɗin ƙungiyar, Lasine Samake, yaro mai sanyin hali, ya gaji ya ce, "Koci, yaushe za mu taɓa ƙwallo?"

"Ƙwallo ta masu ƙaramin tunani ce, Lasine. Mu da ƙwaƙwalwa za mu yi wasa."

Ranar wasa da la'asar fili ya cika ya batse, mata sun yi anko, makaɗa sun ɗaure ganguna a ƙugu. Namori ya ɓullo cikin baƙin kwat a wannan zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa, da takalmi mai tsini yana ƙyalli. Alƙaliyar wasa Madam Asetu Sangare ce, tsohuwar 'yar wasa wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta a fili. Ta busa usur, aka fara.

Makamin Namori na farko shi ne Drisa Tarawure, wanda ake kira Bakin Reza. Ya raɗa masa, "Ka ga mai lamba tara ɗin can? Shi ne ya fi su saurin fushi. Zage shi tas, kar ka rage komai."

Drisa ya shiga ya manne wa mai lamba tara, wato Sumana Jara.

"Kai Jara, macin wake! Tsallen da ka yi ɗazu, duk filin nan sai da ya toshe hanci!"

Sumana ya waiwayo, fuskarsa ta washe. "A'a, bawana ne! Tarawure, wa ya kwance ka daga turke? Maza je ka ɗebo min ruwa, ka gaya wa ubanka gonata na jiran noma!"

Suka bushe da dariya, har da dafa kafaɗa. To ɗan'uwa, ko jariri a garin nan ya san Tarawure da Jara abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya dariya ce amsarsa, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Namori ya haddace dokar Amurka ya manta ta gidansu. Suna cikin wannan raha aka zura wa Damisoshi ƙwallo a kwando.

"Ba komai," in ji Namori, yana share gumi da hannun kwat. "Gwaji ne."

Ya jawo Siyaka Kone, siriri kamar sillen kara, ya ce ya je ya bangaji Mambi Keita da kafaɗa. Siyaka ya dubi Mambi, ya dubi Namori, ya ce, "Koci, ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu fa."

"Tafi, matsoraci!"

Siyaka ya yi salati ya runtse ido ya kwasa da gudu. Ji kake tim! Mambi ko gezau, Siyaka kuwa ga shi can warwas yana kallon sama. Mambi ya ɗago shi da hannu ɗaya, ya kakkaɓe masa riga, ya ce, "Sannu ƙanena. Ka dinga ƙara loma in an zuba tuwo." Madam Asetu ta ba Dorina jifa biyu, duka suka shiga.

Ana haka Namori bai bar yaransa sun sha iska ba. Wannan ya shiga, kafin ya taɓa ƙwallo an fitar da shi. Ya ce a yi dama, ya ce wa ya ce a yi dama. Yara suka rikice har wani ya miƙa wa alƙaliya ƙwallo. Da aka shiga zangon ƙarshe Dorina sun ba da tazara mai kyau, fuskar Alhaji Sidiki kuwa ta yi kamar hadarin gabas. Namori ya hango kujerar koci tana yi masa sallama, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya ce tunda yara sun kasa, bari manya su taɓa.

Ya matso bakin layi ya daddage. "Kai Mambi! Raƙumin dawa! Dogon banza, tsawo ba hankali!"

Nan ma ya manta abu guda: shi Kulibali ne, Mambi kuwa Keita, su ma abokan wasan juna ne. Mambi ya riƙe ƙwallo a hammata yana murmushi, ya ɗaga murya yadda har na bayan katanga za su ji.

"Kawu Kulibali, bawan gidanmu! Babana na gaishe ka. Ya ce in tambaye ka, Amurkan da ka je, ba ita ce tashar motar garin Kayi ba, inda kuke tallan dafaffen ƙwai tare?"

Fili ya ɗauka gaba ɗaya. Mata suka dinga faɗuwa a jikin juna, makaɗa suka juya kiɗa, jama'a na amshi: "Amurka, Amurka, dafaffen ƙwai!" Abin da al'ada ta ce, Namori ya yi dariya ya rama da wadda ta fi ta. Sai dai zagin ƙarya ake iya yi wa dariya, wannan kuwa ya taɓa inda ke ciwo. Idon Namori ya rufe. Ya tuɓe takalmi mai tsini, ya yi kukan kura ya faɗa fili.

Ya yi tsalle zai kwaɗa wa Mambi a ka, takalmin ya tsaya a ƙirji. Mambi ya ɗora masa tafin hannu a sanƙo ya riƙe shi daga nesa, Namori na ta kai wa iska duka.

A bencin Damisoshi ido ya raina fata. Ɗaya ya ce, "Koci ya ce kar mu tashi fa."

Wani ya ce, "Faɗan yara ya ce. Wannan sa'an ubanmu ne ke tsiraita kansa a bainar jama'a, kuma da abokin wasansa! Mu zauna muna kallo, me za mu ce a gida?"

Ai kuwa sai suka zubo fili dukansu, suka sungumi Namori sama kamar buhun gero. Sai a can sama hankalinsa ya dawo. Yana wutsil-wutsil da ƙafa ɗaya ba takalmi yana ihu, "Ku koma! Zama! Na ce zama, 'yan banza!"

Ya waiga bencin Dorina. Ga su nan zaune reras, sun sarƙe hannuwa, ko tari ba wanda ya yi. Kocinsu ya ɗago masa hannu ya ce, "Mun gode da darasi, Koci! Wanzaminka ne wanzamina."

Madam Asetu ta busa usur ta nuna 'yan bencin Damisoshi ɗaya bayan ɗaya, ta nuna musu ƙofa. Sannan ta juyo kan Namori.

"Madam, dakata! Ni koci ne. Doka ta ba ni dama in shigo in raba faɗa!"

"Faɗan wa ka zo rabawa, alhali kai kaɗai ke yin sa? Ɗauki takalminka ka fita."

Haka aka tasa ƙeyarsa har bayan katanga, wurin da ake jera babura. Katangar ta fi shi tsawo, sai yaran da aka koro tare da shi ne ke leƙawa suna ba shi labari. Da yake babu koci, doka ta miƙa wa kyaftin Lasine ragama. Shi kuma bai ce wa sauran huɗun komai ba sai, "Ku yi wasan da kuka iya."

"Koci, mun zura!"

"Ƙarya ne."

"Koci, mun ƙara! Wallahi Siyaka ne ma!"

Yaran nan tun da aka fara ba a bar su sun yi wasa ba sai yanzu. Dorina kuwa dariya ta kashe musu jiki, Mambi da ya tuna sanƙon nan sai ƙwallo ta suɓuce masa. Tazara ta dinga narkewa. Ana gab da busa tashi Lasine ya saki wata daga nesa, ta faɗa kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Damisoshi sun ci kofi!

Kafin jama'a su fito Namori ya mayar da takalmi, ya gyara kwat, ya tura tumbi gaba. Yana hango Alhaji Sidiki rungume da kofi ya tare shi.

"Alhaji, ka ga aiki? Duk shiri ne! Na sadaukar da kaina don in kashe musu jiki. To, maganar kujera..."

Alhaji ya dafa shi.

"Namori, na gani da idona, kuma ni ba butulu ba ne. Kana ciki ana cin mu, kana fita muka ci. Mutum mai albarka irin wannan ƙungiya ba za ta rabu da shi ba. Lasine zai riƙe yara. Kai kuma daga yau, duk ranar wasa nan ne wurinka, ka sa mana ido a kan babura."

"Nan? Bayan katanga, Alhaji?"

"Wasan unguwa ke nan, bayan katanga ya wadatar. In Allah ya kai mu kofin birni, sai ka daure ka tsallake kogin garin nan, ka jira mu a can ƙetare."